Rubutun Siraju a Bangon Zaure

Shekarar da magadan Alhaji Nasiruddeen suka sayar da gidan ubansu na nan unguwar Kachalla Sembe a Jalingo, babu wanda ya tuna da bangon zaure. An tuna da rijiya, an tuna da mangwaron tsakar gida, har tsohon keken ɗinki sai da 'yan'uwa suka ɓata a kansa. Amma rubutun da ke jikin bangon, wanda duk a ƙarƙashinsa suka yi rarrafe, ko ɗayansu bai ɗaga kai ya dube shi ba. Ayar nan ce ta tsari da ake karantawa bayan salla, an rubuta ta a kewaye kamar faifai, faɗinta ya kai ƙato ya buɗe hannuwansa. Wanda ya sayi gidan rushe zauren zai yi don motarsa ta samu hanyar shiga, kuma ya riga ya yi wa mutanen layi alkawarin ɓaraguzan, a cike ramin da ruwa ya ci a bakin kwalbati. Wato sunan Allah zai koma ƙarƙashin tayar keke da ƙafar awaki. Mai rubutun, Malam Sirajuddeen, yana nan da ransa a ƙarshen layin, kuma kusan shi ne na ƙarshen ji.

Bari in faɗi ko wane ne shi tukuna, don masu ganinsa yanzu da furfura da tabarau suna zaton haka aka haife shi.

Ɗan Abbo ne, wani Bafillace na wajen Mutum Biyu da ciwo ya cinye masa shanu, ya koma noman shinkafa, yana yi yana tsaki. Ni kuwa jikar Barebari ce, don haka bakina a kan Siraju halal ne ko a gaban alƙali. A can ƙauye ya yi karatun allo wurin wani Modibbo da ya daɗe a Barno, ya sauke, ya koyi rubutun nan mai kauri irin na mutanenmu. Abbo fartanya ya so ya riƙe. Amma in aka tura shi korar tsuntsaye a gona, sai a tarar da shi ya lailaye laka da tafin hannu yana zana baƙaƙe da kara, tsuntsaye suna biki a bayansa. Da Abbo ya gaji, sai ya ɗora shi a motar doya ya turo shi Jalingo wurin ƙanwarsa, wadda ɗakinta ke jikin nawa a lokacin.

Sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, har gobe. Ranar da na fara sanin yaron nan ba ƙalau yake ba, na fito na same shi ya kife mini kaskon suya yana kankare baƙin gindinsa da cokali, yana tarawa a takarda. Na ce ko yunwar Fulani ta kai ga cin hayaƙi? Ya ce tawada zai haɗa. Yakan tankaɗe baƙin da ƙyalle, ya jiƙa ƙaro, ya dama har ya yi sulɓi, ya bar shi ya kwana. Alƙalumansa na gamba ne da na gora, shi ke fiƙe su da kansa, kuma ba ya yarda kowa ya taɓa wuƙar. Da su ya ci abinci. Ya yi wa masu sauka zayyana a allo, ya rubuta allon masu kemis da masu aski, ya yi rubutu a bayan manyan motoci, da boko da ajami, har sunan wata coci a Nukkai shi ya zana musu, suka ce ba su taɓa samun mai miƙe layi kamarsa ba.

Ni ban yi karatu ba, na allo ko na boko, ban wuce abin salla ba. Amma ina da ido. Mace mai sayen zane a kasuwa ba sai ta san sunan masaƙa ba kafin ta gane mai kyau.

Sai Alhaji Nasiruddeen ya dawo daga Makka da labarin rubutun da ya gani a jikin masallatai. Ya sa aka yaɓe zaurensa na ginin ƙasa da siminti, aka shafe shi fari, ya aika aka kira Siraju. Ya ce yana son ayar tsari a bangon da ke fuskantar ƙofa, kuma ba ya son tawadar da za ta koɗe, abin da jikokinsa za su gani yake so. Ya sayo fenti mai mai, baƙi da kore da ruwan zinariya. To Modibbo ya sha gaya wa almajiransa kada su rubuta maganar Allah a bango da abin da ruwa ba ya wankewa. Siraju ya san da haka. Amma yana da ƙuruciya, yana son a san shi a gari, ga shi kuma yana neman Hajaratu, wadda iyayenta ke kallonsa a matsayin mai fentin mota. Ya karɓa.

Rani guda ya ƙare a zauren nan. Ya kafa ƙusa a tsakiya, ya ɗaura zare, ya zagaya da gawayi, ya goge, ya sake, har Alhaji ya fara tambaya ko bangon ne ke gudu. Da ya gama, sai da mutane suka riƙa ƙirƙiro dalilin gaida Alhaji. Dogayen baƙaƙen sun miƙe zuwa tsakiya kamar sandunan da Mumuye ke kafa wa doya, gajerun sun nannaɗe a jikinsu, sunan Allah yana can sama da ruwan zinariya, in rana ta leƙo ta ƙofa da hantsi sai ka ga kamar an kunna fitila. Uban Hajaratu ya je ya gani, ya dawo, kafin damina aka sa rana.

Bayan auren ne aka kawo Modibbo asibiti, ya tsufa ƙwarai. Da ya ji sauƙi Siraju ya riƙo hannunsa ya kai shi zauren. Tsohon ya daɗe yana kallo, ya sa masa albarka, ya ce hannun ya wuce nasa. Sannan ya tsoma yatsa a buta ya murza gefen wani harafi, ya dubi yatsan, babu abin da ya fito.

Ya ce, “Ran da bangon zai faɗi, wa zai wanke?”

 Tun daga ranar Siraju bai ƙara rubuta aya da fenti mai mai ba. A takarda yake yi, a sa a gilas, ko a allo, in kuma bango ne to farar ƙasa da tawadar ƙaro, wadda soso da ruwa ke ɗaukewa. Masu kuɗi da yawa sun yi fushi sun tafi wurin masu buga leda da inji. Bai bi su ba. Da wayar hannu ta zo sai ya koma ɗalibi da girmansa, yana kallon yadda mutanen Masar da Turkiyya ke karkata alƙalami, yana kwaikwaya a bayan kwalin sabulu har hannunsa ya ɗauka. Yanzu daga Yola da Abuja ake aiko masa, ya rubuta, ya naɗe da bargo, ya kai tasha. Bai yi arzikin gina gida ba, haya yake har yau, amma 'ya'yansa sun yi karatu, tukunyar Hajaratu ba ta kwana a kife ba, kuma ban taɓa jin ya yi wa Allah ƙorafi ba.

Ga shi da waƙa. Ba ya zuwa rediyo, ba ya zuwa biki, yana aiki yana rerawa ne, da Hausa ko da Fillanci, in ta yi masa daɗi ya rubuta ta a gefen takarda. Ya yi wa kogin Lamurde waƙa shekarar da ya ci gonakin gaɓa, ya yi wa shanun ubansa, ya yi wa Hajaratu wadda ta hana shi rerawa in da baƙi. Ni ma ban tsira ba:

Hajja mai ƙuli, bakinki barkono,
Man gyaɗarki zinariya a kwano.

Na ce masa rabin farko ƙarya ne, rabi na biyu kuma ba zai sa in rage masa ko kwabo ba.

To, mu koma ga gidan. Wanda ya saya sunansa Manasseh, ma'aikacin lafiya ne da ya yi ritaya ya koma fataucin shinkafa da wata tsohuwar a-kori-kura. Kirista ne, matarsa Ƙauna, muna kiransa Baban Jennifer. Wata safiya cikin bazara ina tuyar ƙuli ya tsaya a kaina, ya cire hula yana fifita da ita.

Ya ce, “Mama, sannu da aiki. Wannan rubutu na zaure, wa ya yi shi? Matana ya ce kada in taɓa sai na tambaya.”

Na ce masa matarsa ta fi shi hankali, ya ce ai ba yau ya sani ba. Ya ce shi a Jalingo aka haife shi, ya san abin Larabci ba a wasa da shi, kuma ko ba don tsoron rigima ba, ba zai so a zuba littafin addininsa a rami ba, don haka ba zai yi wa wani ba. Amma zauren dole ya tafi, motarsa a titi take kwana da buhuna. Na rufe wuta na raka shi wurin Liman, aka aika wa Siraju.

Samarin masallaci suka ce abu mai sauƙi, a sayo farin fenti a shafe. Liman ya ce shafewa ba gogewa ba ce, baƙaƙen suna nan a ƙasa, in bango ya farfashe da su za a taka. Hanya ɗaya ce: a kankare rubutun tas, a tara garin a abu mai tsarki, a binne inda ƙafa ba ta bi. Kuma wanda ya rubuta shi ya fi cancanta ya kankare. Siraju ya ce gaskiya ne, gobe zai zo.

Ya zo kuwa, da alwalarsa, da sabuwar tabarma da ƙarfen kankare fenti. Ya shimfiɗa tabarmar a gindin bango. Ya ɗora bakin ƙarfen a kan harafin farko. Ina tsaye a ƙofa, Baban Jennifer yana zaune a benci. Muka jira, muka jira, har inuwa ta matsa. Bai danna ba. Daga ƙarshe ya naɗe tabarmarsa ya ce kansa ke ciwo, ya tafi gida.

Bayan kwana biyu Hajaratu ta zo sayen mai, ta ce mini ita abin ya fara ba ta tsoro. Abinci sai Siraju ya taɓa ya ture. Yana zaune yana fiƙe alƙalami har ya cinye shi, ya ɗauki wani. Waƙa kuwa ko tari. Na ɗauki mayafina na bi ta. Na same shi a ƙofar ɗaki, ɓawon gora ya rufe masa ƙafa.

Na ce, “Bafillace, saniya ce ta mutu?”

Ya kira ni uwa da Fillanci, ya ce, “Dada Hajja, na fi wancan iyawa yanzu, na sani. Amma ba zan sake iya wancan ba.”

Na ce ba ga shi da waya ba, ya ɗauki hoto mana ya ajiye. Ya ce hoton yana da shi tun tuni, ya tambaye ni ko hoton ƙulina zai ƙosar da mai yunwa. Na ce to ya zaɓa, ko ya kankare da hannunsa ko ya bari awaki su kankare masa, don Baban Jennifer mutumin kirki ne amma ba waliyyi ba ne, haƙurinsa yana da iyaka. Bai ji daɗi ba. Ni ma ba don ya ji daɗi na faɗa ba.

Mafita daga wurin Tobias ta zo, birkilan da aka ɗauka ya rushe zauren ya gina get. Bamumuye ne na Nukkai, gajere, mai yawan dariya. Ya riga ya cire kwanon rufin, yana jiran a ba shi bango. Da ya gaji da zama sai ya riƙa bin bangon yana ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma daga gefe, ya ji yana amsawa kamar ganga. Ya sa aka kira Siraju, ya ce masa simintin da ƙasar sun daɗe da rabuwa, zaman haƙuri kawai suke yi saboda idon mutane. In aka tallafe fuskar rubutun daga ciki, aka jiƙa ginin ƙasar daga waje aka riƙa yaƙuce shi a hankali, yaɓen zai iya tsayawa shi kaɗai kamar ɓawon ƙwai, sai a kwantar da shi a ɗauke. Ya ce bai taɓa yi ba, bai taɓa ganin an yi ba, kuma kada kowa ya riƙe shi in ya fashe.

Siraju ya dubi Baban Jennifer. Shi kuma ya dubi sama, don zafin ya kai inda ake sa ran hadari kowace rana. Ya ce ya ba su har ruwan farko. Bangon ƙasa marar rufi in ruwa ya dake shi da kansa zai zube, a lokacin babu mai ceton komai. Siraju ya yi alkawari in ya ga hadari ya tsaya da gaske, zai ɗauki ƙarfe ya kankare.

Tobias ya tambayi Liman ko ya halatta ya sa hannu, tun da shi ba ya alwala. Liman ya ce bayan bango ƙasa ce kamar kowace ƙasa. Sai suka raba aiki: Tobias a waje, Siraju a ciki. Tobias ya ce, “Malam, kai da maganar Allah, ni da laka. Ko a lahira haka za a raba mu, ka tuna da ni.” Siraju ya yi dariyar farko tun da aka fara maganar.

Hajaratu ta dama sitacin rogo mai kauri, aka shafa a sabon farin yadi, Siraju ya manna shi a fuskar rubutun, ya bi da tafin hannu har ko'ina ya kama. Aka jingina katifa a kan yadin, aka jingina tsohon ƙyauren zauren a kan katifar, aka tokare da itatuwa. Tobias ya yanke yaɓen ta gefe-gefe, nesa da baƙaƙen. Sannan aka koma waje. Ƙauna ta buɗe rijiya ta ce a ɗiba, ita ma da guga a hannunta. A yayyafa ruwa, a jira ƙasa ta sha, a yaƙuto da 'yar fartanya, in an kusa siminti a ajiye ƙarfe a koma yatsu. Ƙasar da aka cire, tun da ba rubutu a jikinta, da baro aka riƙa kai ta ramin kwalbati, mutanen layi suka samu abin da aka yi musu alkawari, bakinsu ya mutu.

Ni na kwaso tirena na dawo ƙofar gidan, don inda mutane suka taru nan ciniki yake. Na ga aikin tun daga farko. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya ya ba da shawara, har waɗanda ba su taɓa gina akurki ba. Siraju yana ciki, kunnensa a jikin katako, in ya ji ƙara kaɗan sai ya ce a dakata. Tobias ya ce ko matarsa tana naƙuda ba a ce masa ya dakata haka ba. A rana ta biyu ko ta uku muka jiyo murya daga cikin zauren, ƙasa-ƙasa:

Ran da na zana ka, kaina da gashi,
Yau na zo ciro ka, hula ke rufe shi.

Hajaratu tana tsaye da tulu, ta juya baya tana gyara ɗankwali don kada a ga fuskarta.

Ana cikin haka wata la'asar iska ta taso daga wajen duwatsu, gari ya yi duhu, ledoji suka tashi sama. Aka ruga aka rufa wa bangon tamfol ɗin motar Baban Jennifer, shinkafarsa a buɗe. Siraju ya ɗauko ƙarfen kankarewa ya riƙe, yana tsaye a ƙofa yana kallon gabas. Aka yi yayyafi, bai ko kwantar da ƙura ba, hadarin ya wuce. Tobias ya ce wannan sallama ce, mai gidan yana tafe. Akwai sauran ƙasa a gindin bangon da ya so ya bi a hankali, amma babu lokaci. Aka tsayar da safiya.

Bayan sallar asuba Liman ya riƙe maza majiya ƙarfi da alwalarsu. Aka shimfiɗa tabarmi a zauren, aka rufe su da zannuwa wankakku, nawa ma yana ciki, don ko ƙwaya ta faɗo kada ta taɓa ƙasa. Tobias yana waje yana ba da umarni, su suna ciki sun tallafi ƙyauren. Aka zare itatuwan ɗaya bayan ɗaya. Abin ya fara kwantowa a hankali, kowa ya riƙe numfashi, har ya yi rabin hanya. Sai muka ji wani ƙas, ba mai ƙarfi ba, kamar an taka busasshen ganye. Gindin yaɓen, inda danshin shekaru ya cinye simintin, ya saki. Ya zubo ta ƙarƙashin yadin, gari-gari da ɓarɓashi, a kan zannuwan. Na sama ya sauka lafiya.

 Har ni na kama bakina, abin da mutanen layin suka ce ba su taɓa gani ba. Siraju ya durƙusa, ya jiƙa yadin da ruwan ɗumi ya ɗaga shi sannu a hankali. Sunan Allah yana nan da zinariyarsa, farkon ayar da ƙarshenta da suka haɗu a sama suna nan, ko tsaga babu. Tsakiyarta, wadda ta zagayo ta ƙasa, ta tafi.

Tobias ya shigo yana murza hannu, ya ce a yafe masa, da an ba shi ko yini ɗaya. Siraju ya ɗago ya ce, “Tobias, wannan da ke kwance, ba don kai ba da ƙarfe zan kankare shi. Kai ka ba ni shi.” Sannan ya shiga tattara ɓarɓashin da hannunsa, ya ƙulle a zane. Da hantsi shi da Liman suka kai gefen maƙabarta, suka haƙa rami a gindin wata bishiya inda ba hanya, suka binne. Zanena bai dawo ba, ban kuma tambaya ba.

Saura inda za a kai abin da ya tsira. Ɗakin hayar Siraju ko ƙofar ba za ta ɗauka ba. Liman ya ce barandar masallacin unguwa tana da rufi, bangonta kuma ba komai a jiki. Baban Jennifer ya sauke buhunansa, aka ɗora ƙyauren da abin da ke kansa a bayan a-kori-kura. Tafiyar da yaro zai yi da gudu kafin a ƙirga goma, ita motar ta yi ta kamar mai rakiyar amarya, maza suna biye suna riƙe da gefe, Siraju yana gaba yana tafiya da baya, yana nuna masa ramuka. Tobias ya fafe bangon barandar, ya zaunar da shi, ya cike gefen, ya yi sabon yaɓe a inda ya ɓace. Ruwan farko ya sauka a daren da ya biyo, kamar da bakin ƙwarya. Kafin mako ya zagayo zauren Alhaji ya zama get mai jan fenti, mota tana kwana a ciki.

Amma rabin aya ba ya zama a bango. Siraju ya rufe shi da yadi har sabon yaɓen ya bushe, ya shafe wurin da farar ƙasa, ya dama tawadarsa ta ƙaro. Wasu suka ce ya sayo fenti mai mai ya haɗa da na sama don kada a ga bambanci. Ya ce sau ɗaya ake yin wannan. Wasu suka ce to ya kwaikwayi tsohon hannun. Ya gwada a takarda, ya yaga, ya ce ƙarya ce, hannun da yake da shi yau da shi zai rubuta. Bai yi rani guda ba wannan karon. Yana zuwa bayan hantsi, ya zauna a kujera 'yar tsugunno, ya ja harafi ɗaya ko biyu, ya tsaya ya sha shayi, ya yi hira da masu jiran azahar.

Yanzu duk mai wucewa ta gaban masallacin yana gani daga titi, har mu mata. Na sama yana sheƙi, baƙaƙen dogaye, suna ɗaga kai. Na ƙasa baƙi ne wuluk, ba ya sheƙi, baƙaƙen sun zauna daram, kowane da sararin numfashinsa. Inda suka haɗu ana gani, bai ɓoye ba. Samari sun fi son na sama, dattawa na ƙasa, Baban Jennifer ya ce shi duka biyun nasa ne tun da a motarsa suka hau, aka ce masa na ƙasa bai hau ba, ya ce to rabin ladan ya ishe shi.

Ranar da ya ja harafin ƙarshe na je da kaina, na tsaya a bakin baranda. Yana wanke alƙalami a gwangwani. Na tambaye shi, tsakaninsa da Allah, wanne ya fi.

Ya ja baya ya cire tabarau, ya daɗe yana duba na saman. Ya ce, “Yaron nan yana da hannu, Dada. Ba ya jin magana ne kawai.”

Na ce ai ɗan Fulani ne, ba daga ƙasa ya ɗauka ba. Na ce na ƙasan fa?

Ya ce wannan tsoho ne, a bar shi ya huta. Ya zuba ruwan gwangwanin a gindin dalbejiyar masallaci, inda aka kewaye da duwatsu, ya kwashe alƙalumansa, ya ce bari ya je gida, Hajaratu ta ce yau dambu ta yi kuma ba za ta ɗumama wa kowa ba.